Casablanca: Me Rik Ya Sadaukar, Wa Kuma Ya Cika Alkawari?

Masu karatu, akwai wani tsohon fim na Amurka mai suna Casablanca wanda ya haura shekara tamanin da fitowa, amma har yau ba a daina maganarsa ba. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 102, kamfanin Warner Brothers ne ya shirya shi, Michael Curtiz ya ba da umarni, aka fara nuna shi a birnin New York ran 26 ga Nuwamba 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu yake tsakiyar ci. A 1998 da cibiyar finafinai ta Amurka ta jera finafinan ƙasar guda ɗari da suka fi kyau, shi ne ya zo na biyu. Abin da yawancin mutane suke faɗa a kansa shi ne, wai labarin wani mutum ne da ya ƙaunaci mace ƙwarai, amma ya sadaukar da ita domin duniya ta tsira. Mun sake kallonsa a 'yan kwanakin nan, sai muka ga wannan yabo bai sauka inda ya kamata ba. Matar da ake cewa ya sadaukar, matar wani ce, mu kuwa ba mu taɓa jin inda aka yi wa mutum kirari don ya bar matar aure ta bi mijinta ba. Akwai abin da ya sadaukar da gaske, akwai kuma waɗanda suka riga shi cika alkawari a cikin labarin ba wanda ya tafa musu. A kansu muke so mu yi magana.

Ga wanda bai gani ba, bari mu shimfiɗa masa. Labarin ya faru ne a watan Disamba 1941 a Kasabalanka, birnin bakin teku a ƙasar Maroko, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa. Ita kanta Faransa ta riga ta faɗi, gama sojojin Hitila sun shiga Faris ran 14 ga Yuni 1940, aka kafa wata gwamnati a garin Bishi ƙarƙashin Marshal Petain wadda ta yarda ta yi aiki da Jamusawa, ita ce kuma take riƙe da Maroko. Mutanen Turai masu gudun Hitila sukan gangara Marsel, su haye teku zuwa Oran a Aljeriya, su ƙaraso Kasabalanka suna neman bizar fita zuwa Lisbon a Fotugal, domin daga can ne ake samun jirgin Amurka. Mai kuɗi ko mai hanya ya wuce. Sauran su zauna jira wata da watanni, mata suna sayar da zobbansu a wulaƙance.

A tsakiyar wannan kasuwar tsoro akwai gidan shaƙatawa na wani Ba'amurke mai suna Rik, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa. Ana shan giya, ana kiɗa, a ɗakin baya ana caca, kowa kuma yana zuwa: hafsan Jamus, ɗan sandan Faransa, ɗan gudun hijira, ɗan yankan aljihu. Rik ba ya zama ya sha da baƙinsa, ba ya shiga maganar siyasa, ya kuma sha faɗa wa mutane cewa shi ba ya jefa kansa cikin haɗari saboda kowa. Ya nuna da gaske yake. Wani ɗan cuwa-cuwar biza mai suna Ugate ya ba shi ajiyar takardu biyu na izinin wucewa, waɗanda aka kashe masinjojin Jamus biyu aka ƙwace, takardun da duk wanda ya riƙe su ba mai tsayar da shi. A daren nan 'yan sanda suka zo kama Ugate, ya ruga wurin Rik yana roƙo ya ɓoye shi, Rik ya tsaya yana kallo aka tafi da shi. Kashegari aka ce ya mutu a hannun hukuma. (A tarihi ba a taɓa yin irin waɗannan takardu ba, marubuta ne suka ƙago su, amma wannan bai rage wa labarin kome ba.)

To, wannan shi ne abin da Rik yake ɗauka 'yanci ne. Ba mata, ba ƙasa, ba ƙungiya, ba wanda yake binsa bashin kome. Mun san masu irin wannan 'yanci, domin a kowane gari da aka taɓa yin tashin hankali akwai wanda ya rufe ƙofa yana jin ihun maƙwabcinsa ya ce ba ruwansa. Ba mu ga laifin mai jin tsoro ba, kowa yana da 'ya'ya. Amma Rik ba matsoraci ba ne. An gaya mana a 1935 ya kai wa Habasha makamai lokacin da Italiya ta auka mata, a 1936 kuma ya yi yaƙi a Sifen a ɓangaren masu adawa da Janar Franko. Fushi ne da ciwon zuciya ya sa wa rigar hikima yana yawo da ita. Masu kallo na 1942 kuwa sun gane da wa ake. A wani wuri an nuna shi yana sa hannu a kan takarda mai kwanan wata 2 ga Disamba 1941, kwana biyar kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, wato ita ma Amurka tana cikin kwanakinta na ƙarshe na cewa yaƙin nan ba ruwanta da shi.

Ana nan sai ga Bikto Lazlo ya shigo gidan, ɗan ƙasar Cekoslobakiya, shugaban masu yi wa Hitila turjiya a ɓoye, wanda ya tsere daga sansanin gwale-gwale na Jamusawa, suna kuma binsa ƙasa ƙasa. Tare da shi akwai wata mace 'yar Norwe mai suna Ilsa, Ingrid Bergman ke nan. Ita ce ciwon zuciyar Rik. A Faris suka haɗu kafin birnin ya faɗi, suka ƙaunaci juna, suka yi alkawarin haɗuwa a tashar jirgin ƙasa su gudu Marsel tare. Ya tsaya cikin ruwan sama yana jira, sai makaɗinsa Sam ya kawo masa 'yar wasiƙa cewa ba za ta zo ba, ba kuma za su sake ganin juna ba. Ba dalili, ba bayani.

A nan muke so mai karatu ya ɗan tsaya, gama a ganinmu a nan ne aka yi sadaukarwa mafi nauyi a labarin, kuma ba a nuna ta a majigi ba sam, a baki kawai aka faɗa can wajen ƙarshe. Ilsa matar Lazlo ce tun kafin ta san Rik. Sun ɓoye auren domin kada Jamusawa su kama ta su matsa mata ta faɗi asirin abokan aikinsa. Aka kama Lazlo, daga baya labari ya zo mata cewa an harbe shi yana ƙoƙarin gudu. Saboda haka lokacin da ta haɗu da Rik, a saninta mijinta ya mutu, ba ta ci amanar kowa ba. Ana gab da tafiya sai wani ya zo ya gaya mata mijinta yana da rai, an ɓoye shi cikin taragon kaya a bayan gari, ba shi da lafiya, yana bukatarta. A hannu ɗaya ga mutumin da zuciyarta take wurinsa, ga tikitin jirgi, ga hanyar tsira. A ɗaya hannun ga miji majinyaci da ake farauta, wanda duk wanda aka samu tare da shi ya shiga uku. Ba wanda ya san da auren balle ya zarge ta. Da ta hau jirgin nan, da ba mai ce mata uffan. Ta koma wurin mijinta.

Fim ɗin bai kawo maganar addini ba, amma duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya ji ango da amarya suna ambaton ciwo da rashi a cikin alkawarinsu, ya san abin da matar nan ta yi. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, nauyinsa kuwa ba ya bayyana ranar biki. Ba kuma matsalar Turawa kaɗai ba ce. Tun 2009 rikicin arewa maso gabashin Nijeriya ya bar mata da yawa ba su san ko mazajensu suna raye ba, wasu sun yi shekaru suna jira, dangi suna cewa su haƙura su yi wani auren. Wadda ta jira da wadda ta gaji, ba mu da bakin da za mu yi wa ɗayarsu hukunci daga kan kujera. Abin da muke cewa kawai shi ne, kayan da Ilsa ta ɗauka a Faris ya fi na Rik a filin jirgin sama nauyi, ita kuwa ba a yi mata kiɗa ba.

Tana da laifinta. Da ta gaya wa Rik gaskiya, da ba ta bar shi shekara ɗaya da rabi yana cin kansa ba. Hujjarta ita ce, da ya sani da ba zai bar Faris ba, Jamusawa kuwa suna nemansa. Hujja ce mai ƙarfi, amma ta yanke wa mutum shawarar rayuwarsa ba tare da ta tambaye shi ba, abin da shi ma zai rama mata daga baya. Shi kuwa, daren farko da ta dawo don ta yi masa bayani, ta same shi a buge, ya yi mata maganar da ake yi wa macen banza, ta tashi ta tafi. Da Lazlo ya zo sayen takardun, ya taya faran dubu ɗari, ya ƙara zuwa dubu ɗari biyu, Rik ya ƙi, ya ce in yana son dalili ya je ya tambayi matarsa. Mutumin da dubban jama'a suke dogara da shi zai mutu a Kasabalanka saboda kishin wani. Wannan shi ne ƙarshen inda “ba ruwana” yake kai mai shi.

Mutane da yawa suna raina Lazlo, suna cewa sandararre ne, ba shi da zafin jini kamar Rik, wai siyasa ya aura. Mu ba mu gan shi haka ba. Akwai wurin da wani attajirin kasuwar bayan fage mai suna Ferari ya ce zai iya samo biza ɗaya, ta Ilsa kaɗai. Lazlo ya matsa mata ta tafi. Ta ƙi, ta tuna masa yadda ya ƙi barinta a garin Lil lokacin da ta kasa samun hanyar fita, da yadda ya zauna da ita mako biyu a Marsel tana jinya alhali kowace sa'a ana iya kama shi. Ashe shi ma ya sha sa aikinsa da ransa cikin haɗari saboda ita. Sa'an nan ga yadda ya yi da ya fahimci akwai wani abu tsakaninta da Rik. Bai yi ihu ba, bai tsare ta da tambayoyi ba. Ya tambaye ta ko ta yi kaɗaici a Faris lokacin da yake tsare, ya ce shi ma ya san kaɗaici, ya ba ta dama in tana da abin faɗa, da ta ce babu, ya bar maganar. Daga baya ya je ya sami Rik ya ce, tun da ba zai ba shi takardun ba, to ya yi amfani da su ya fitar da Ilsa daga garin, ko da tare da shi Rik ɗin ne. Maza nawa ne za su iya wannan?

Abin da ya fara fasa taurin Rik kuwa wata 'yar yarinya ce da ba ta fi minti biyar a fim ɗin ba. Sunanta Anina, 'yar Bulgeriya, mako takwas da aurenta. Ita da mijinta ba su da kuɗin biza, shugaban 'yan sandan garin, Kyaftin Reno, ya ce zai ba su, amma kowa ya san abin da yake karɓa daga kyawawan mata a madadin kuɗi. Ta zo ta tambayi Rik ko Reno yana cika alkawari, ta kuma tambaye shi, idan mace ta aikata abin kunya sau ɗaya domin ta ceci mijin da take ƙauna, ta ɓoye a ranta, shin za a gafarta mata? Ya ce mata ta koma Bulgeriya. Amma ya tashi ya shiga ɗakin caca inda mijin yake ta asarar ɗan abin da ya rage musu, ya raɗa masa ya sa a kan lamba 22, ya yi wa mai juya faifan ido, lambar ta fito sau biyu, ya ce ya kwashi kuɗinsa kada ya sake dawowa. Ba yabon caca muke yi ba, wurin ma ya nuna cewa mai gidan caca ne yake zaɓen wanda zai ci. Amma a karo na farko mutumin ya yi asara daga aljihunsa saboda wani, kuma abin da ya ceta auren wasu baƙi ne da bai san su ba.

Jim kaɗan bayan haka aka zo wurin da ya fi shahara. Hafsoshin Jamus suka mamaye fiyano suna rera waƙar ƙasarsu, Lazlo ya sauko ya umarci makaɗa su kaɗa taken Faransa. Makaɗan suka dubi mai gida. Rik ya kaɗa kai. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka har muryar Jamusawa ta nutse. Kaɗa kan nan ne ya jawo aka rufe masa gida a daren, Reno ya fake da cewa ya gano ana caca, yana faɗa ana miƙa masa kuɗin da ya ci. Masu tarihin sinima sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suke cikin ɗakin nan 'yan gudun hijira ne na gaske. Madeleine Lebeau, wadda aka nuna tana rerawa da hawaye, ta gudu daga Faris a 1940 tare da mijinta Marcel Dalio, wanda shi ne mai juya faifan caca a fim ɗin, suka bi ta Lisbon. Conrad Veidt da ya fito a matsayin Manjo Sitirasa, mugun hafsan Jamus, shi kansa Bajamushe ne da ya bar ƙasarsa a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Shi ma mutum ne da ya zaɓi aurensa a kan zaman lafiyarsa.

Daga nan labarin ya yi sauri. Ilsa ta je wurin Rik da dare ta roƙi takardun, ta zare masa bindiga, ta kasa harbi, ta fashe da kuka ta faɗi gaskiyar Faris, ta ce har yanzu tana ƙaunarsa, ta gaji, ba ta ƙara sanin daidai da kuskure ba, shi ya yi tunani a madadinsu duka. Rik ya sayar wa Ferari gidansa, ya yaudari Reno cewa shi da Ilsa ne za su tafi, a filin jirgi cikin hazo ya sa aka rubuta sunan Lazlo da matarsa. Ya harbe Sitirasa da ya zo hana jirgin tashi. Reno ya rufa masa asiri, ya jefa kwalbar ruwan Bishi cikin kwandon shara, su biyu suka nufi shiga yaƙi.

To, me Rik ya sadaukar? Gidansa, kuɗinsa, kwanciyar hankalinsa, da wannan 'yancin na wanda ba a binsa bashin kome. Ya kuma sadaukar da fushinsa, wanda muke jin shi ne ya fi masa wuya, domin mutum yakan saba da miki har ya zama abokin hira. Wannan duka abin yabo ne. Game da Ilsa kuwa, abin da ya yi shi ne ya ƙi cin gajiyar mace a ranar da ƙarfinta ya ƙare. Ta ɗauki kayan ita kaɗai tun daga Faris, da ta zo ta faɗi, ya taya ta ɗauka na dare ɗaya. Wannan ma abin kirki ne, ba kowa zai yi ba, amma sunansa kamun kai.

Akwai masu cewa duk wannan ba kome ba ne, dole ce ta sa aka ƙare labarin haka. Suna da gaskiya ta wani gefen. A wancan lokacin, tun daga 1934, akwai ofishin tace finafinai a Holiwud ƙarƙashin Joseph Breen, dokarsa kuwa ba za ta bari a nuna matar aure ta bar mijinta ta bi wani a tashi lafiya ba. An kuma fara ɗaukar fim ɗin a watan Mayu 1942 ba a gama rubuta labarin ba. Wasu kuma suna cewa farfagandar yaƙi ce kawai, ana so samarin Amurka su bar 'yan matansu su tafi fagen daga. Lokacin fitowarsa ma ya taimaki wannan zargi, gama sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Arewacin Afirka ran 8 ga Nuwamba 1942, aka yi sauri aka fito da fim ɗin, sa'an nan aka baza shi ko'ina ran 23 ga Janairu 1943, daidai lokacin da Shugaba Roosevelt da Churchill suke taro a Kasabalanka ɗin. Amsarmu ita ce, a wasan kwaikwayon da Murray Burnett da Joan Alison suka rubuta, wanda kamfanin ya saya dala dubu ashirin ya mai da shi fim, can ma matar da Lazlo ta tafi. Ban da haka, finafinai nawa aka yi ƙarƙashin dokar nan, na farfaganda nawa aka yi a shekarun nan da ba wanda yake tunawa da su? Da ƙarshen labarin jabu ne, da masu kallo sun ji a jikinsu tun tuni.

Zargin da ya fi damunmu daban yake. A filin jirgin nan ba wanda ya tambayi Ilsa. Maza biyu sun yi ta miƙa wa juna ita, kowanne yana nuna ya fi ɗan'uwansa karamci, ita kuwa sai a minti na ƙarshe ta ji inda za ta. Gaskiya ne ita ta ce a yi tunani a madadinta, amma maganar da mutum ya faɗa cikin kuka da tsakar dare ba a riƙe ta kamar sa hannu. Mun yarda inda ta tafi nan ne daidai, mun kuma yi imani da an ba ta kwana ɗaya ta huta da can za ta zaɓa, tun da ta taɓa zaɓa ba wanda ya tilasta ta. Marubutan ne suka ƙwace mata wannan daraja suka ba jarumin. Haka kuma Kyaftin Reno, wanda ya yi shekaru yana cin mutuncin matan da suka zo neman taimako, an wanke shi tas da jefa kwalba ɗaya cikin shara, muka fita muna yi masa dariya. Hawainiya ce ta ga iska ta juya.

Akwai kuma maganar inda su biyun suka nufa, wadda ta shafe mu kai tsaye. Reno ya ce akwai sansanin sojojin Faransa masu bin Janar Digol a Birazabil, babban birnin Kwango ta Faransa. Me ya kai su can? A watan Agusta 1940, lokacin da manyan Faransa suka sunkuyar da kai, gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, shi ne ya tsaya ran 26 ga wata ya ce Cadi ba ta bin Bishi. Kamaru da Kwango suka biyo baya cikin 'yan kwanaki, Birazabil ta zama hedikwatar Digol. Nijar kuwa ta zauna a hannun Bishi har Nuwamba 1942, wato iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi a lokacin iyakar ɓangarori biyu ce na yaƙin. Jiragen yaƙin Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi, su ratsa Cadi da Sudan su kai Masar, da Cadi ta bi Bishi da hanyar ta shiga matsala. Rundunar da ta tashi daga Cadi ta ci Kufra a hamadar Libiya ran 1 ga Maris 1941, yawancin sojojinta 'yan Afirka ne. Cikin irin waɗannan ne Rik zai je ya tsaya.

Amma a fim ɗin da aka sa wa sunan birnin Afirka, wanda a situdiyon kamfanin a Kalifoniya aka ɗauki kusan dukansa, da ƙyar za ka ji ɗan Maroko ya buɗe baki. Mai gadin ƙofa da ake kira Abdul ma Ba'amurke ne ya fito a matsayinsa. Ana rera taken 'yancin Faransa da hawaye a ƙasar da Faransa ta mallake tun 1912, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. A watan Janairu 1944 'yan kishin ƙasar Maroko suka fitar da takardar neman mulkin kai, a ƙarshen watan nan kuma Digol ya kira taro a Birazabil ɗin, taron ya ce maganar mulkin kai ga ƙasashen da Faransa take mulka ba ta taso ba, ko nan gaba. A watan Maris na shekarar fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku. Maroko sai a 1956 ta sami 'yancinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baƙar fata ɗaya tilo da yake da muhimmin matsayi a labarin shi ne Sam, wanda Dooley Wilson ya fito a matsayinsa, mawaƙi kuma makaɗin ganga da bai iya fiyano ba, wani ne yake kaɗa masa daga gefe. Sam ne ya ja Rik ya sa shi cikin jirgin ƙasa a Faris lokacin da ya tsaya kamar gunki da wasiƙa a hannu. Shi ya bi shi har Maroko. Shi ya roƙi Ilsa ta bar mutumin ya huta, shi ya ƙi tafiya gida daren da Rik ya zauna shan giya cikin duhu. A cikin fiyanonsa aka ɓoye takardun da za su iya jawo wa mutum kisa. A farkon fim ɗin Ferari ya nemi ya ɗauke shi, Rik ya ce shi ba ya cinikin mutane, aka gaya wa Sam za a ninka masa albashi, ya ce yana nan inda yake. A ƙarshe da Rik ya sayar da gidan, Sam yana cikin cinikin. Ya dai sa an yarda za a riƙa ba shi kashi ashirin da biyar cikin ɗari na riba, amma Sam ba ya wurin da aka yi maganar, ba a nuna an tambaye shi ba, ba a nuna sun yi sallama ba. Da Rik ya shiga hazo yana maganar sabuwar abota, da Kyaftin Reno yake yi.